Ranar da Dogon Hannuna Ya Karye a Hanyar Gidar

Ƙarar da na ji ba ta noti ba ce. Noti idan ya saki wani ɗan kuka yake yi, kamar ƙyauren da ya daɗe a rufe. Wannan kuwa ƙas ta yi sau ɗaya, sai ga ni kwance rigingine a kan tsakuwa, bututun da na hau yana gangarawa cikin ramin gefen hanya. Da na miƙe na duba, kan dogon hannuna yana nan maƙale a jikin noti, sandar kuma ta bi bututu. Sabon ƙarfe, kwanansa biyu a wurina. Mun baro Gidar ba mu kai Figil ba, tayar gaba ta hagu a fashe, rana ta take tsaka cikin bazara, a bayan motar kuma shanun Baba ne guda tara suna dukan katako da ƙaho. Ban kwance ko noti ɗaya ba.

Ku da kuka tashi kuka tarar ana kwance taya da injin iska ba lallai ku san dogon hannu ba. Sandar ƙarfe ce mai tsawon kamu biyu, kanta yana lanƙwasawa a kan wata 'yar ƙusa, a nan ake cusa kan sifana a kama noti. Ba ta da wani aiki sai na ƙarfi. Notin da ya gagari kowa, ita ake ɗauko wa. Na kuma san Goggonku Hajara ta riga ni ba ku wannan labari, kuma a bakinta ƙarfen ne mai laifi, wai an cuce ni an sayar min da na banza. Rufa min asiri take yi, tun muna yara haka take. Ni kuwa tunda na zauna rubuta muku, gara ku ji yadda aka yi.

Direban motar, Bappa Hamajoda, Bafulatani ne abokin Baba, sa'an ubana ne. Da tayar ta fashe ni na kore shi. Na ce ya ɗauki jarka ya nemo wa shanu ruwa a ƙauyen da muke hangowa, taya aikina ne, kafin ya dawo na gama. Ya dawo da jarka a kafaɗa ya tarar da ni ina kakkaɓe wando. Ya dubi guntun ƙarfen, ya dube ni, ya sauke jarkar a hankali.

"Iro, ta ina ka murɗa?"

"Ta inda ake kwance noti mana, Bappa."

"Nuna min da hannunka."

Na nuna masa. Ya tsuguna, ya goge noti ɗaya da babban yatsa har wani ɗan tsagi ya fito a gefensa.

"Ka ga wannan? Ƙafafun hagu na irin wannan motar a juye suke, ɓingel am, ɗana. Inda kake kwancewa, nan ake ɗaurewa. Tun ɗazu ɗaure ta kake yi. Har ka hau bututu ka taya kanka."

"Ba wanda ya taɓa gaya min."

"Ai ba ka taɓa zama wuri ɗaya har a gaya maka ba."

Bai ɗaga murya ba, amma ya kama ni, don gaskiya ce. Lekol, makarantar boko, aji uku na yi na daina, ranar da metir, malaminmu, ya durƙusar da ni a rana saboda na yi Hausa a aji. Baba ya ce to, ga rumfa. Kakanku Tanko mahauci ne, ubansa mahauci ne, tun kakansu da ya biyo fatake daga wajen Kano ya ga Binuwai ya ajiye kaya. Shekara biyu na yi a rumfarsa a kasuwar Garwa. Na iya fiɗa, na iya daddatsa, amma ƙafata ba ta son tsayuwa, ga 'yan mata na cewa ina ƙarnin nama. Na gudu bakin ruwa wajen jiragen da ke zuwa da damina, ruwa ya janye ni ma na janye. Na yi tela wata huɗu. Na bi wani mai sayar da agogo har Mora, na dawo da agogo ɗaya a hannu da tarin labari. Daga nan na shiga gareji, wata takwas ina kwance ƙafafun ƙananan motocin ma'aikata, da na ga na iya canza filogi sai na ce na gama, na sayi akwati na rubuta sunana a jiki. Lokacin ɗan garinmu ne ke mulkin ƙasa, ana ta shimfiɗa hanyoyi, motocin auduga na wucewa wata na bin wata, duk saurayin da ya riƙe sifana gani yake duniya ta zama tasa. Babbar mota kuwa ban taɓa kwance mata ƙafa ba, ta hagu ko ta dama.

Baba ba mai faɗa ba ne. Duk sanda na dawo daga wata guduwa sai ya dube ni, ya ce wa Inna ta ƙara kwano, shi ke nan. Abu ɗaya kawai ya daina, aikena. Ko goro yake so, ina zaune kusa da shi, ya gwammace ya tashi da kansa. Ku ba za ku gane ba sai kun haihu, amma a shekarar nan ba abin da nake so a duniya kamar Baba ya sake ce min je ka ka yi kaza. Shanun da dillalinsa ke saya masa a kasuwar Gidar da ƙafa ake koro su, kwanaki a hanya, su iso ƙasusuwa a waje. Ana saura mako biyu babbar Sallah na same shi yana cin tuwo a tsakar gida, na tsuguna na ce a ɗauko su da mota, yini ɗaya, kitsensu a jikinsu. Bappa Hamajoda zai tuƙa, ni zan bi a matsayin makaniki.

Hajara daga bakin murhu ta ce, "Makanikin wata takwas."

Inna ta ce, "Ke, bar shi ya yi magana da ubansa."

"Ni ban ce komai ba, Inna. Wata huɗu ya yi a tela, har yau rigata hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo."

Baba bai yi dariya ba. Ya gama tauna, ya wanke hannu, ya sha ruwa.

"Idan mota ta lalace a daji, sa ba ya sauka ya jira ka a inuwa. Ka san wannan?"

"Na sani, Baba."

"In na ba da su, kai na ba, ba Hamajoda ba."

"Na ji."

"To, ka je."

Inna ta tashi ta shige ɗaki wai neman gishiri. Gishirin yana gabanta.

Sifanan taya na motar Bappa bakinsa ya cinye, zamewa yake yi, shi ya sa na ce zan sayi dogon hannu na kaina. Washegari ina wucewa ta gaban rumfa Baba ya tambaye ni ina zuwa, na gaya masa, sai ya goge hannu ya biyo ni. Shekara uku rabon da mu jera a hanya. A layin masu ƙarafa muka sami guda biyu. Ɗaya sabo fil, fari, dogo, yana ɗaukar ido, da rubutu a jiki, ga araha. Ɗayan baƙi ne, tsoho, gajere, mai kaurin wuya, an sha aiki da shi, amma mai shi ya fi tsadanta shi. Baba ya nemi zare, ya rataye kowanne a yatsa, ya zaro ƙarfen da yake wasa wuƙa da shi daga ɗamara, ya ƙwanƙwasa. Haka yake yi wa kowace wuƙa da kowane gatari kafin ya saya. Baƙin ya yi ƙara doguwa, tana tafiya tana tafiya. Farin ya ce kwal ya yi shiru.

"Wannan tari yake yi," in ji Baba. "Ɗauki baƙin."

"Baba, ba wuƙa ba ce fa. Kayan mota ne."

"Ƙarfe dai ne ko?"

"Baƙin wani ya gama cinye shi. Ga shi gajere. Ka bar min wannan, ni na san aikin."

Mutanen layin suna ji, mai kayan yana murmushi. Baba ya mayar da ƙarfensa cikin ɗamara, ya warware zaren ya miƙa wa mai shi.

"Aikinka ne. Kai ka sani."

Ya koma rumfa shi kaɗai. Ni kuma na sayi farin, na ratsa kasuwa da shi a kafaɗa don a gani.

A bakin hanyar nan na ɗauki guntunsa na duba. Cikinsa toka-toka ne, ɓurɓushi-ɓurɓushi kamar an gutsuri ƙuli-ƙuli, farin a waje kawai yake. Amma ba zan ɗora masa laifin duka ba. Da ta daidai na murɗa, wataƙila da ya kai mu Garwa kafin halinsa ya fito. Ga shanu kuma ba halin sauke su. A Gidar da tudun ƙasa aka loda su, mota ta ja da baya suka shiga. A nan ba tudu, sa in ya diro daga wannan tsayin sai karaya. An ɗaure su a jikin katako, ba rufi, jikin motar ya yi zafi ba ya taɓuwa, jarka ɗaya ga shanu tara kuwa jiƙa baki ne kawai. Motoci biyu suka tsaya mana. Sifanan ɗaya bai shiga notinmu ba, na ɗayan ya shiga amma ya fara lanƙwasa, mai shi ya zare abinsa ya ce wane mugu ne ya ɗaure wannan. Bappa bai nuna ni ba. Da suka tafi ya ce in koma Gidar tun kasuwa ba ta watse ba, in nemo ƙarfe na gaske, shi zai yi ta jigilar ruwa. Na buge guntun daga kan sifanata na jefa ta aljihu, wata motar auduga ta ɗauke ni.

A can ƙarshen kasuwar Gidar, bayan masu guraye da masu gyaran keke, na sami wani tsoho zaune a kan tabarma, tsofaffin ƙarafa zube a gabansa. Yatsu uku ne a hannunsa na hagu. Na gaya masa abin da nake nema da abin da ya faru, ban dai faɗi ta inda na murɗa ba. Ya tona ya fito da guda huɗu, ba mai kyan gani ko ɗaya. Na tsaya a kansu ban san ta inda zan fara ba. Can na ji bakina ya ce ko yana da zare. Ya ba ni. Na rataye su ɗaya bayan ɗaya, ina ƙwanƙwasawa da kan sifanar da ke aljihuna. Biyu suka yi shiru da wuri, na ture su gefe.

"Ɗan wane ne kai?"

"Tanko mahauci, na Garwa."

"Na ce ko. Makaniki bai taɓa neman zare a wurina ba. To, kunne ya yi nasa, kawo biyun nan in nuna maka saura."

Ya ɗauki na farko ya karce wuyansa da ƙusa, wani zobe ya fito. Ya ce wannan walda ce, ya taɓa karyewa aka haɗa, mai waldar gwani ne shi ya sa kunne bai kama ba, amma inda ya karye jiya nan zai karye gobe. Ya ajiye shi. Na biyun ya sa ni na shafa daga gindi har wuya, ba gaɓa, ƙarfe ɗaya ne aka ƙera. Ya nuna min kunnuwa biyu da ke riƙe da kan, ya ce in duba kaurinsu, don nauyin mutum duka a nan yake sauka. Ya sa na girgiza 'yar ƙusar da ke tsakiya, ba ta yi wasa ba. Ya ce in cusa kan sifanata in jijjiga, ta zauna daram. Sannan ya ɗora shi a kan duwatsu biyu ya ce in hau tsakiya. Na hau. Ya ɗan ba da kai kaɗan, da na sauka ya miƙe.

"Ka ji shi? Na kirki yana gaya maka ya gaji kafin ya gaji. Na banza ba ya magana." Ya ɗaga hannunsa na hagu. "Wanda ya ci min waɗannan har ranar yana ƙyalli."

Na ce wa tsohon, "Baba, gajere ne."

"Tsawo a bututu yake, bututu kuwa ko a bola ka samu. Wuya kake saye, ɗana. In ka sayi wannan, ka gama sayen dogon hannu."

Abin da ke aljihuna bai isa ba, sai na ce ya bar min kuɗin mota, na kwance agogona na miƙa masa. Ya kara shi a kunne, ya yi tsaki, ya ce ya karɓa ne saboda shanun, ba saboda agogon ba.

Yanzu ga abin da ko Goggonku ba ta sani ba, don ban taɓa gaya mata ba. Da na shiga tasha neman motar da za ta mayar da ni, sai na ji ana kiran Marwa, Marwa, Mora. Azahar ta wuce. Na lissafa awannin da shanun nan suka yi a rana, zuciyata ta ce ai yanzu wani ya mutu, wataƙila biyu. Na hango kaina tsaye a gaban rumfa, Baba yana dubana, ya juya ya ci gaba da aikinsa. Ƙafata ta san hanyar Mora. Na shiga motar na zauna a benci, ƙarfen a tsakanin gwiwoyina. Ba zan ce muku imani ne ya sauko da ni ba. Motar ce ta ƙi cika. Saura mutum uku, aka yi ta kira, ba kowa. Da ta cika a take, da ba a Garwa aka haife ku ba. Kusa da ni wata dattijuwa ce da kwandon busasshen kifi a cinya, sai fifita take yi da bakin zane.

"Ɗan nan, ɗauke ƙarfenka daga ƙafata. Ina za ka da shi?"

"Mora, Iya."

"Me ya lalace a Mora?"

Na dubi ƙarfen da ke tsakanin gwiwoyina. Ba abin da ya lalace a Mora. Ta ci gaba da fifitarta, ta ma manta da ni. Na ƙara zama kaɗan, sannan na ce ta ɗan matsa min in wuce.

Na iso wajen motar la'asar ta kusa. Rigar Bappa ta jiƙe sharkaf, ban san sahu nawa ya yi da jarkar nan ba, mutanen ƙauyen su uku sun biyo shi da tuluna. Bai tambaye ni me ya sa na daɗe ba. Ya karɓi ƙarfen ya juya shi, ya ce wannan mummuna ne kamar mai aiki. Na cusa kan sifana, na zura bututu, shi ya dafe kan da hannu biyu.

"Ta ina za ka murɗa?"

"Ta inda ake ɗaurewa, Bappa."

"Madalla. An fara makaniki."

Na kwanta a kan bututun da dukan nauyina. Na ji ƙarfen ya ɗan ba da kai, ya tsaya, sai notin da na wahalar ya yi kukansa ya saki. Sauran ba su yi gardama ba. Muka ɗaga jak, muka sa safaya, na ɗaure. Muna sauke jak ɗin ne muka ji wani tim a baya, motar ta girgiza. Jan sa ne, babbansu, wanda dillali ya ce Baba zai fi murna da shi. Ya durƙushe a tsakanin 'yan uwansa, harshe a waje, ido na juyawa. Bappa ya haura, ya sassauta masa igiya, ya zuba masa sauran ruwan a ka, ya murɗa wutsiya, yana yi masa magana da Fulatanci a hankali kamar mai lallashin jariri. Can ya ɗago ya dube ni.

"Ba zai tashi ba. In ya cika a haka mushe ne, Tanko ya yi asarar sa, ya yi asarar nama. Ni kuwa ban taɓa sa wa nagge wuƙa ba, ba yau zan fara ba. Mu kiwo muka sani. Wannan naku ne."

"Bappa, shekara uku rabona."

"Ina wuƙar da ubanka ya ba ka?"

Ya san akwai, don a gidan mahauta ba a bin shanu babu wuƙa. Da asubar da za mu tashi Baba ya naɗe ɗaya a tsumma ya sa min cikin akwati, a tsakiyar sifanoni, har na ji haushi na tura ta can ƙasa. Na tono ta. Ba ta bukatar wasawa. Na haura cikin ƙafafun shanu takwas, Bappa da mutum biyu suka ja igiya muka karkata wuyansa wajen alƙibla gwargwadon iko. Na dafa maƙogwaronsa na ji ɗuminsa. Na yi bisimilla. Jini ya fita da ƙarfi, ya yi shure-shure sosai, mutanen ƙauyen suka ce alhamdu lillahi, da ransa.

Muka jingina katakai muka zamo da shi ƙasa, aka ja shi gindin wata tsamiya, aka shimfiɗa ganye. Na cire riga na fara fiɗa. Abin da na gudu na bari, ashe yana nan a hannuna bai je ko'ina ba. Wuƙa kaɗan, dunƙulen hannu da yawa, kana turawa fata na rabuwa da kanta. Wajen haƙarƙari, inda fata ke da sirantaka, na tsinci kaina ina karkata wuƙar yadda Baba ke yi, har da ɗan cije leɓen nan nasa. Bappa ya zauna a kan tayar da ta fashe yana kallo.

"Ku dubi makanikin Garwa," ya ce wa mutanen ƙauyen. "Da rana ya kashe ƙarfe, da yamma ya kashe sa. Gobe ban san wa ya rage ba, ni dai zan kwana da ido ɗaya."

Suka yi dariya, ni ma na yi, karo na farko a yinin. Na ba su kayan ciki da wuya saboda ruwansu da ƙarfinsu. Sauran na raba huɗu, na naɗe a ganye, na ninke fatar.

Bappa ya ce ba Garwa yau. Safayar ba ta da ƙwari, dole a hankali za mu tafi, shanun kuma in ba su sha sun kwanta ba wani zai bi jan san. A Figil akwai mayo, wato rafi, mai gaɓa da za a jingina mota su sauka, ga ruwa in an tona yashi. A can za mu kwana. Nama kuwa ba ya jira. Ya tsayar da wata motar fasinja da ya san direbanta, aka ɗaure naman da fatar a sama, direban ya ce zai sauke a rumfar Tanko kafin magariba, amma me zai ce masa? Bappa ya ja ni gefe.

"Ka ce taya ta fashe, ƙarfe ya karye. Duka gaskiya ne. Sauran tsakanina da kai ne, ni ba zan faɗa ba."

"Zai ce dama ya gaya min."

"To sai me? Bar tsoho ya ji daɗinsa. Ya yi maka faɗan ƙarfe, ya wuce."

Na samu takardar buhun siminti a motar, direban ya ara min fensir. Baba ba ya karatun boko, Hajara ce za ta karanta masa. Na jingina takardar a jikin ƙofa na rubuta yadda Bappa ya ce, layi biyu, da Hausata ta baƙaƙen lekol. Na karanta. Ba ƙarya a ciki ko ɗaya. Amma na dubi hannuna, jinin san Baba ya bushe a ƙarƙashin farce, na dubi Bappa da ya yini yana ɗaukar jarka a kan abin da ba shi ya yi ba, sai na yage wajen na sake. Fasinjoji suna ta mita, direba na danna oda. Takardar nan a cikin kwallar Inna muka same ta bayan rasuwarta, a ninke, fensirin ya kusa gogewa. Ga ta nan yadda take:

"Baba, ni ne Iro. Ga jan sanka na aiko, ƙafa huɗu da kai da fata. Ya faɗi a mota, na yanka shi da ransa, Bappa shaida ne, halal ne. Ni na jawo. Na murɗa noti ta baya har ƙarfe ya karye, muka yini a rana. Ba laifin Bappa ba ne, ba na mota ba ne. Takwas suna lafiya, za mu shayar da su a Figil mu kwana. Ka duba fatar da kyau, ban huda ta ba ko wuri ɗaya. Gobe da hantsi ina ƙofar rumfa da su. Abin da za ka faɗa min ka ajiye min shi, ina zuwa in ji."